Kuɗin Fito, 'Yan Mazan Jiya da Akwatin Zaɓe: Sake Duba Shari'ar Shugaba Hoover

Ranar 17 ga Yunin 1930 shugaban Amurka Herbert Hoover ya rattaba hannu a kan dokar da ta ƙara kuɗin fito a kan kayayyaki sama da 20,000 da ake shigowa da su ƙasar. Shekara biyu cif bayan nan, ranar 17 ga Yunin 1932, majalisar dattawa ta yi fatali da ƙudurin biyan 'yan mazan jiyan Yaƙin Duniya na Farko kuɗin da aka yi musu alkawari, da ƙuri'a 62 a kan 18, alhali dubbansu na zaune a harabar majalisar suna jiran sakamako. Ba a cika wata biyar ba Hoover ya sha kaye a zaɓe, jihohi 6 kacal ya samu cikin 48. Marubuta tarihi sun saba raba waɗannan al'amura gida uku: kuɗin fito a bar wa masana tattalin arziki, zaman dirshan na tsofaffin sojoji a bar wa masu tarihin soja, zaɓe kuma a bar wa masana siyasa. Wannan rabon yana rufe abin da ya fi muhimmanci, domin tambaya ɗaya ce ta ratsa su duka: idan ƙasa ta shiga ƙunci, wa gwamnati ke buɗe wa ƙofa, wa kuma take cewa ya ƙara haƙuri?

Matsayina shi ne, laifuka biyun da aka fi ɗora wa Hoover an yi musu ƙarin gishiri. Dokar kuɗin fito ba ita ta haifi karayar tattalin arzikin duniya ba, kuma mutumin bai ƙi jinin tsofaffin sojoji ba. Laifin da ya tabbata a kansa ya fi waɗannan nauyi. Ya kafa ƙa'idar cewa gwamnatin tarayya ba ta raba wa mutane tallafi, sannan ya riƙa sassauta ta ga masu ƙafa a majalisa, ya tsaurara ta a kan waɗanda ba su da komai sai yawansu.

A fara da asalin dokar. Manomin Amurka ya shiga wahala tun kafin kasuwar hannayen jari ta New York ta rushe a Oktoban 1929. Lokacin yaƙi Turai ta dogara da abincinsa, sai ya ci bashi ya faɗaɗa gona ya sayi injuna. Da gonakin Turai suka farfaɗo bayan 1920, farashi ya faɗo, bashi kuwa yana nan. A yaƙin neman zaɓen 1928 Hoover ya yi wa manoma alkawarin kare su da kuɗin fito, kuma da hawansa mulki ya kira zama na musamman na majalisa a Afrilun 1929 don a yi ɗan gyara, galibi a kan amfanin gona. Tun daga nan lissafin ya karkace. Kuɗin fito yana ɗaga farashin abin da ƙasa ke sayowa daga waje ne. Manomin auduga da na alkama kuwa masu sayarwa ne, rara gare su. Fiye da rabin audugar Amurka a lokacin waje ake kai ta. Wanda ke neman kasuwa a ƙetare, katanga a bakin teku ba ta tsinana masa komai, sai ma ta tsadar masa da garma da takalmi da tufafi.

Da ƙudurin ya shiga hannun Willis Hawley na jihar Oregon a majalisar wakilai da Reed Smoot na jihar Utah a majalisar dattawa, sai ya zama kasuwar ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Sanatan da jiharsa ke noman sukari ya ba wa mai ulu ƙuri'a, mai ulu ya ba wa mai siminti, mai siminti ya ba wa mai katako. Joseph Grundy, shugaban ƙungiyar masu masana'antu na Pennsylvania, wanda sana'arsa ita ce kamun ƙafa a kan kuɗin fito, shi kansa aka naɗa sanata a Disamban 1929 ana tsaka da muhawarar. Masanin siyasa E. E. Schattschneider ya bi zaman sauraron bahasin kwamitocin dalla-dalla a littafinsa na 1935, ya nuna cewa kusan duk waɗanda suka bayyana masu neman a ƙara musu kariya ne. Mai saye, wanda shi zai biya, ba shi da wakili a ɗakin. Dalilin a fili yake: ribar tana taruwa a hannun 'yan kaɗan da suka san darajarta, asarar kuma tana warwatsuwa a kan miliyoyi, kowa 'yan kwabbai, ba wanda zai hau jirgi zuwa Washinton saboda su.

Ba a bar Hoover cikin duhu ba. A watan Mayun 1930 masana tattalin arziki 1,028 suka sa hannu a takardar roƙonsa ya hau kujerar na-ƙi. Sun faɗa masa rayuwa za ta yi tsada, manomi zai cutu, ƙasashe za su rama, kuma Turai ba za ta iya biyan bashin yaƙin da Amurka ke bin ta ba idan aka hana ta sayar da kayanta a Amurka. Ƙasashe fiye da 20 suka aiko da ƙorafi a hukumance. Henry Ford, mai kamfanin motoci, shi ma ya roƙe shi. Ƙudurin da ƙyar ya tsallake majalisar dattawa, 44 da 42, wato da ya ƙi sa hannu babu rinjayen da zai tsallake shi. Ya sa hannu, yana kafa hujja da alkawarin jam'iyyarsa ta Republican, da kuma wani sashe na dokar da ya ba shi ikon rage ko ƙara kuɗin fiton har da rabi bisa shawarar hukumar da ke kula da shi.

A nan ne ya kamata a yi wa Hoover adalci, domin labarin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne wannan sa hannun ne ya jefa duniya cikin bala'i. Binciken masana bai goyi bayan haka ba. Milton Friedman da Anna Schwartz, a babban aikinsu na 1963 a kan tarihin kuɗin Amurka, sun ɗora nauyin a kan babban bankin ƙasar, wanda ya zuba ido kuɗin da ke yawo a hannun jama'a ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, bankuna kimanin 9,000 suka durƙushe tsakanin 1930 da 1933. Barry Eichengreen ya nuna yadda ɗaure kuɗi da zinare ya yaɗa cutar daga ƙasa zuwa ƙasa. Douglas Irwin, wanda ya fi kowa bin diddigin dokar a littafinsa na 2011, ya tunatar da cewa kayan da ake shigowa da su ɗan ƙaramin yanki ne na tattalin arzikin Amurka, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu ba a biya musu fito ko kaɗan. Dokar ta ɗaga matsakaicin fiton sauran kayan daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa kusan 47. Abin da ya kai shi kusan 59 a 1932 faɗuwar farashi ce, domin da yawa daga cikin kuɗaɗen tsayayyu ne a kan awo ko ƙirga. Idan fiton kaya santi 10 ne lokacin da ake sayar da shi santi 50, kashi 20 ke nan. Ranar da farashin ya faɗo santi 25, fiton ya zama kashi 40 ba tare da wani ya taɓa doka ba.

Wanke dokar daga laifin haddasa karayar bai wanke ta daga ɓarnar da ta yi ba. Kanada, babbar abokiyar cinikin Amurka a lokacin, ba ta jira an sa hannu ba ta fara ramuwar gayya a Mayun 1930. Cinikin ƙwai kaɗai ya isa misali. Amurka ta ɗaga fitonsa daga santi 8 zuwa 10 a kan dozin don kare masu kiwon kajinta, Kanada ta ɗaga nata daga 3 zuwa 10. Ƙwan da Amurka ke sayar wa Kanada ya faɗo daga dozin sama da 900,000 zuwa ƙasa da 14,000, alhali wanda take sayowa daga can tun farko bai taka kara ya karya ba. Mai kajin da aka ce za a kare shi ne ya kwana ciki. Sifaniya da Italiya suka auna motocin Amurka, mutanen Suwizalan suka ƙaurace wa kayanta saboda fiton agogo. Birtaniya, wadda ta daɗe tana alfahari da cinikin da ba shinge, ta kafa nata fiton a 1932, sannan a taron Ottawa na wannan shekarar ta ƙulla yarjejeniyar fifita kayan daularta. Kayan da Amurka ke kai wa Turai suka faɗo daga dala miliyan 2,341 a 1929 zuwa miliyan 784 a 1932, darajar cinikin duniya baki ɗaya ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku zuwa 1934. Ko manomin gyaɗa a ƙasar Kano ya ji waɗannan shekaru a jikinsa, lokacin da farashi ya faɗi warwas, harajin Bature kuma dole a biya shi da tsabar kuɗi.

Abin lura ga hujjata shi ne, kuɗin fito tallafi ne. Kuɗi ne da gwamnati ke cirewa daga aljihun mai saye ta zuba a na mai masana'anta, sai dai ba ya bi ta baitulmali, saboda haka ba ya fitowa a kasafin kuɗi, ba wanda ke kiransa kyauta. Shugaban da ya sa wa wannan hannu ya riga ya amince gwamnati tana iya zaɓar wani rukuni ta share masa hawaye. Da wannan a zuci ya kamata a karanta abin da ya biyo baya.

Batun 'yan mazan jiya ya girmi mulkin Hoover. Sojan da ya tafi yaƙi a 1917 ana biyansa kusan dala ɗaya a rana, takwaransa da ya zauna gida yana aiki a masana'antar makamai yana karɓar ninkin-ba-ninkin haka. A 1924 majalisa ta tsallake ƙin amincewar Shugaba Calvin Coolidge ta yi dokar cike wannan giɓin: dala 1 a kan kowace ranar aiki a gida, dala 1.25 a ƙetare. Amma ba a ba su tsabar kuɗi ba, takardun shaida aka ba mutum kusan miliyan uku da rabi, waɗanda ba za a biya ba sai 1945, ko kuma in mutum ya mutu a ba magadansa. Hoover da kansa ne ya haɗe hukumomin da ke kula da tsofaffin sojoji ya kafa hukuma guda a Yulin 1930, kuma a zamaninsa abin da ake kashe musu ya kai kusan rubu'in kasafin tarayya. Sai dai a Fabrairun 1931 ya hau kujerar na-ƙi a kan dokar da ta ba su damar cin bashin rabin darajar takardunsu, majalisa ta tsallake shi.

Da rashin aiki ya doshi mutum ɗaya cikin huɗu, takardar 1945 ta zama dukiya ɗaya tilo da ta rage wa dubban iyalai. Wright Patman, ɗan majalisa daga Texas, ya kawo ƙudurin a biya nan take, kimanin dala biliyan 2.4. A Mayun 1932 wani tsohon saje, Walter Waters, ya taso daga birnin Portland da wasu 'yan ɗaruruwa, suna maƙalewa a taragun jirgin kaya, kafin su iso Washinton labarinsu ya riga su, wasu suka yi ta biyowa daga kowace kusurwa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne tsofaffin sojoji kusan 17,000, ban da mata da yara. Babban sansaninsu yana fadamar Anacostia, tsallaken kogi. Da tsofaffin kwanuka da kwalaye da katakon da suka tsinto a juji suka gina bukkoki, suka fitar da layuka, suka haƙa masai, suka hana giya da bara, kuma ba a rubuta sunan kowa sai ya nuna takardar sallamarsa daga soja. Baƙi da farare suna kwana wuri ɗaya suna cin tukunya ɗaya, a ƙasar da rundunar sojanta kanta ta raba su. Shugaban 'yan sandan birnin, Pelham Glassford, tsohon janar ne, ya riƙa nemo musu abinci. A daren da majalisar dattawa ta ƙi su, Waters ya fito ya faɗa musu, suka rera waƙar kishin ƙasa suka koma sansani ba tare da an fasa ko gilashi ba.

Masu kare Hoover suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma bai kamata a raina su ba. Dala biliyan 2.4 kusan rabin abin da gwamnatin tarayya ke kashewa ne a shekara. Yarjejeniyar ta ce 1945, kuma adadin da ke kan takardar ya haɗa da ruwan da zai taru har zuwa lokacin. Tsofaffin sojoji ba su kaɗai ke jin yunwa ba, wasunsu ma suna da aiki, don me za a fifita su a kan gwauruwar da ba ta da takardar komai? Kuma Patman so yake a buga sabon kuɗi a biya, abin da Hoover ke ganin zai girgiza darajar dala.

Hujjar adalci ita ce mafi ƙarfi, kuma da Hoover ya ce zai ɗauki kuɗin ya raba wa duk mai yunwa, da babu abin cewa. Bai faɗi haka ba. Hoover, mutumin da ya yi suna wajen ciyar da Beljiyam lokacin yaƙi da Rasha a yunwar 1921, shi ne a farin 1930 ya yarda a ba manoma rancen iri da abincin dabbobi, ya ƙi a haɗa da abincin mutane, yana cewa wannan aikin ƙungiyoyin agaji ne. Sai a Yulin 1932 ya amince da rancen dala miliyan 300 ga jihohi don agaji. Hukumar ba da rance ga bankuna da kamfanonin jiragen ƙasa kuwa tun Janairu aka kafa ta da ƙarfin dala biliyan 2. A watan Yunin da tsofaffin sojoji ke kwana a cikin laka, wannan hukumar ta ba wani bankin Chicago dala miliyan 90, bankin Charles Dawes, wanda makonni kaɗan kafin nan shi ne shugaban hukumar. Ana iya kare wannan rancen da cewa ya hana bankunan birnin rushewa, kuma mai yiwuwa ya hana. Amma ba a iya gaya wa mutumin da ke Anacostia cewa baitulmali a rufe yake ga kowa. Tsoron buga kuɗi kuwa, a shekarar da farashi ke zubewa kuɗi ya ɓace daga hannun jama'a, tsoron ambaliya ne a tsakiyar fari. Da aka biya kuɗin a 1936, kusan kashi 2 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, binciken Joshua Hausman ya nuna mutanen sun kashe shi a kan motoci da gidaje da kayan masarufi, kasuwa ta motsa, dala ba ta rushe ba.

Hoover bai taɓa karɓar wakilansu ba. Abin da aka yi musu shi ne ware dala 100,000 na kuɗin jirgin komawa gida, wanda za a cire daga takardunsu. Wasu dubbai suka karɓa suka tafi, sauran suka zauna. Ranar 28 ga Yuli 'yan sanda suka je fitar da waɗanda ke fake a wasu tsofaffin gine-ginen gwamnati, rikici ya ɓarke, aka harbi William Hushka da Eric Carlson, dukansu suka rasu. Hoover ya kira soja. Babban hafsan sojin ƙasa, Janar Douglas MacArthur, ya fito da kansa, Manjo Dwight Eisenhower na gefensa, Manjo George Patton na cikin mahaya. Da la'asar, ma'aikatan gwamnati da suka tashi daga ofis suka yi cirko-cirko a bakin titin Pennsylvania suna kallon dawakai da takubba zare, sojan ƙasa da banati a bakin bindiga, tankokin yaƙi a baya, barkonon tsohuwa ya turnuƙe. Hoover ya aika kada a tsallaka gada zuwa Anacostia. MacArthur ya tsallaka, kafin tsakar dare sansanin na ci da wuta.

Abin da Hoover ya yi washegari ya fi abin da ya faru a daren muni a wajena. Janar ya take umarnin shugaban ƙasa, shugaban bai tsawata masa ba, ya rungumi aikin a matsayin nasa, gwamnatinsa kuma ta shiga cewa 'yan kwaminisanci da masu laifi ne suka cika sansanin. Ƙididdigar hukumar tsofaffin sojoji ta gwamnatin kanta ta nuna kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka bincika sun yi aikin soja. Hotunan bukkoki na ci da wuta, ginin majalisa na hango su daga nesa, suka zaga jaridu da gidajen silima.

Shin wannan ne ya kayar da shi? A gaskiya ko ba Anacostia, shugaban da tattalin arziki ya ruguje a hannunsa da wuya ya tsira. Tun zaɓen rabin wa'adi na 1930 jam'iyyarsa ta yi asarar kujeru sama da 50 a majalisar wakilai. Abin da ya fi jan hankali shi ne ƙanƙantar tazarar da ke tsakaninsa da abokin takararsa Franklin Roosevelt a takarda. Roosevelt ya caccaki dokar kuɗin fito, amma da aka matsa masa ya ce ba zai rage na amfanin gona ba. Ya zargi Hoover da almubazzaranci, ya yi alkawarin rage kashe kuɗin gwamnati da rubu'i. Batun takardun sojoji kuwa ya ce ba za a biya ba sai kasafi ya daidaita. Hoover shi kuma ya tsaya kai da fata a kan katangarsa, har yana gargaɗi a New York a ƙarshen Oktoba cewa in aka rushe ta ciyawa za ta tsiro a titunan birane. Ranar 8 ga Nuwamba Roosevelt ya samu wakilan zaɓe 472, Hoover 59. Smoot ya rasa kujerarsa, Hawley ko zaɓen fidda gwani bai tsallake ba.

Roosevelt bai zama waliyyin tsofaffin sojoji ba. Dokar tsuke bakin aljihu ta Maris 1933 ta zabtare musu fansho da ɗaruruwan miliyoyin daloli. A 1935 ya je gaban majalisa da kansa ya karanta ƙin amincewarsa da biyan takardun, a Janairun 1936 ya sake ƙi, majalisa ta tsallake shi. Amma da tsofaffin sojojin suka dawo Washinton a Mayun 1933, an ba su masauki a wani tsohon barikin soja da abinci sau uku a rana, matarsa Eleanor ta je ta zauna da su, aka buɗe wa 25,000 gurbin aiki a shirin dashen itatuwa da gyaran dazuzzuka. Wasu za su ce wannan iya siyasa ce kawai. Ni ina ganin ya fi haka, domin mai bin bashi da aka ce masa ba yau ba amma aka saurare shi aka ba shi abin yi, an amince yana da haƙƙi. Wanda aka kora da banati an gaya masa ba shi da shi.

Gyaran da aka yi daga baya ya nuna inda Amurkawa da kansu suka gano ciwon. Dokar 1934, wadda sakataren harkokin waje Cordell Hull ya tsaya mata, ta ɗauke rubuta kuɗin fito ɗaya bayan ɗaya daga hannun majalisa ta ba shugaban ƙasa ikon sasantawa da ƙasashe, kuma tun daga lokacin majalisa ba ta sake zama ta rubuta irin wancan jadawalin ba. A Yunin 1944, yaƙi na biyu bai ma ƙare ba, aka yi dokar da ta ba sojan da zai dawo kuɗin karatu da rancen gida da alawus na rashin aiki, duk da cewa a aikace an tauye wa baƙaƙen fata rabonsu, musamman a jihohin kudu. A wannan karon ba a ba kowa takardar jiran shekara 20 ba.

Hukuncina a kan Hoover shi ne: mutum ne mai ƙwazo da gaskiya a mu'amalarsa, wanda bala'in da ya fi ƙarfin kowane shugaba ya faɗo wa, kuma a cire masa laifin haddasa shi. Amma duk mai son kare shi da sunan riƙon ƙa'ida, sai ya fara bayyana yadda ƙa'idar ta lanƙwasa wa mai sukari da mai siminti da mai banki, ta ƙi lanƙwasawa ga sojan da ke riƙe da takardar bashi mai hatimin gwamnati. A wannan tuhumar Hoover bai kuɓuta ba, kuma masu zaɓen 1932 ba su zalunce shi ba.